Salmanu da Wayar Lasifika

Duk wanda ya taɓa zuwa biki tsakanin Batsari da Runka ya san Salmanu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan da ke tsugune a gindin lasifika, kunne manne da akwati, hannu a baya yana danne waya. Tun ranar da ya sayo kayan wayar take da cuta: in aka ɗaga yatsa, sauti ya ɗauke. Mai gyara ya ce a kawo ya liƙe ta da dalma, Salmanu ya ce ai yatsansa bai yi ƙorafi ba. Gaskiyar magana daɗin wurin yake ji, don duk filin babu wanda ya kai shi kusa da waƙa.

Wuta ta sha jan sa, hayaƙin janareto ya bar shi da tari, duk ya ce abin sana'a ne. Matarsa Adawiyya kuwa kunnensa ne ya dame ta. Sai ta yi ta kira bai waiwayo ba, in ta yi magana ya ce muryarta ce ta ƙanƙance. Ladanin unguwa ma, a cewarsa, tsufa ya kama shi. Ta ba shi auduga ya toshe kunne, ya karɓa da godiya ya ajiye a aljihu.

Burinsa ɗaya ne a duniya: Jinjiri, mawaƙin da ya daɗe yana bi da lasifika, ya ambace shi a waƙa. Jinjiri ya wasa mahauta, ya wasa direbobi, har rakumin wani Alhaji ya samu baiti, amma Salmanu shiru. Abin na cin ransa, kunya ta hana shi roƙo.

Da bikin ƙaninsa Nazifi ya zo, Adawiyya ta aika da lasifikar wurin mai gyara a ɓoye, ta kuma aika wa Jinjiri saƙo. Aka buɗe fili da la'asar, tunda yanzu, saboda rashin tsaro, ba mai barin taro ya kai magariba. Dole Salmanu ya sa babbar riga ya zauna can cikin manya, hannunsa sai ƙaiƙayi yake.

Ana tsakiyar kiɗa Jinjiri ya ɗauko shi: Salmanu na Adawiyya, mai yatsan da ba ya gajiya. Jama'a kaf suka juyo suna kallonsa. Shi kuwa daga inda yake ba abin da ke iso masa sai gunji. Ganin an zuba masa ido, ya ɗauka sauti ne ya ɗauke. Ya tattare riga ya ruga, ya tsuguna ya danne wayar da lafiyarta lau. Kafin kunnensa ya kai akwatin, Jinjiri ya koma kan ango. Fili ya ɗauki dariya, an zaci wasa yake.

A gida Adawiyya ta gaya masa cewa shi Jinjiri ya wasa a waƙa. Tausayinsa ya kama ta.

"Da sunana, Adawiyya? Cikin mutane?"

Ta gyaɗa kai. Ya laluba aljihu ya ciro audugar, ya juya ta a hannu, sannan ya karkato da kai.

"To, matso ta nan, wannan kunnen ya fi ji. Yi mani ita yadda ya yi."