Malama Delu da 'Yan Makaranta Biyu

Idan aka kaɗa ƙararrawar tashi a makarantarmu ta 'yan mata da ke kusa da Ƙofar Dundaye, kowane aji fashewa yake yi kamar an buɗe wa awaki ƙofa, ban da aji uku na Malama Delu. Ita sai ta jawo kujerarta ta dasa a bakin ƙofa, ta gyara zaman tabarau, 'yan mata su yi layi. Ba ta tambayar kowa ko ta gane darasi, wannan an wuce wurin tun ɗazu. Tambayarta ɗaya ce: aikin gidan da aka ba ki, yaushe za ki yi shi? Wadda ta ce "in na koma gida," sai ta koma ƙarshen layi ta sake tunani. Sai yarinya ta kira lokacin da sunansa, bayan Azahar ne ko bayan Asuba, a zaure ne ko a gindin dogon yaro, sannan a ba ta hanya. Shi ya sa yaran suka laƙaba mata Malama Yaushe. Ta san da sunan sarai, ba ta dai taɓa nuna ta ji ba.

Shekara da shekaru muna zaune teburi ɗaya da ita a ofishin malamai, ni ina koyar da Hausa, ita lissafi. A watan nan ta yi ritaya, kuma raina bai ba ni in bar ta ta tafi shiru ba. Ba zan ce muku mace ce mai sauƙi ba. Delu in ta kafe a kan magana, gara ka je ka ture katanga. Amma ina alfahari da na yi aiki kusa da ita, kuma ga dalilina.

Yaranmu na Sakkwato 'yan makaranta biyu ne. Da safe boko, su dawo cikin ranar nan tamu mai narka takalmi, su ci abinci a tsaitsaye, La'asar na yi su ɗauki jakar Islamiyya. Ga wanke-wanke, ga aike, ga rainon ƙanne. Mu kuwa malamai, kowa gani yake darasinsa kaɗai ne a duniya. Mai lissafi ya lafta aiki, mai Turanci ta lafta nata, can kuma ana jiran hadda. Idan yarinya ta zube, sai mu haɗu mu ce ba ta da ƙoƙari.

Haka aka ce da Tasalla, 'yar wani mahauci mai suna Jinaidu. Wata ranar Talata layi ya zo kanta, Malama Delu ta jefa mata tambayar da ta saba. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ba amfani in yi shi. Baba ya ce in an ka ƙare wanga zango, ba ni komowa boko."

A shekarar ne za ta zauna jarrabawar gama ƙaramar sakandare, kuma a Islamiyya ta doshi sauka. Delu ta ba ta hanya ta wuce. Da yamma sai ga Delu a unguwarsu Tasalla, a gaban teburin Jinaidu, yana tsaka da jera nama. Matar da ke soya ƙosai a gefen teburin ce ta ba ni labarin, don ita Delu ba ta ba da labarin kanta.

Bayan gaisuwa Jinaidu ya ce, "Malama, ba ƙin boko ni kai ba. Malam Jafar na Islamiyya ya zaka nan da kainai, ya ce haddarta ta zube. Ku ma kun aiko man da sakamako duk ja. Ɗiya guda, wuri biyu, ko'ina ba ta kai ba. Ta riƙe guda da kyau ya hi."

Delu ta dubi teburin ta ce, "Malam Jinaidu, bijimin san da kun ka yanka yau, ɗungum kaka miƙa ma mutum shi?"

Ya yi dariya. "Wa ka iya ɗaukar sa? Kashi-kashi a kai."

"To ɗiyarka sa guda mun ka aza mata ga kai, mu da Malam Jafar, ba wanda yar raba mata shi. Ba ni zango guda."

"In ba ta gyaru ba hwa?"

"Ni da kaina za ni maido maka ita, ba ka ƙara jin bakina."

Ya goge wuƙarsa ya ajiye. Zango ɗaya ya ba ta, bai ƙara ko kwana ba.

Daga nan ta wuce wurin Malam Jafar. Abin da suka gano tare ba ɓoyayye ba ne, kowa a garin nan ya san shi: Islamiyya ba ta zama Alhamis da Juma'a, kuma ranar Laraba ake karɓar hadda. Mu kuwa daga Litinin zuwa Laraba muke jibga wa yara aiki, daidai lokacin da suke fama da ayoyinsu, sannan yammacin Alhamis da na Juma'a su wuce a banza. Malam Jafar, Allah ya saka masa, ya yarda cewa a makon jarrabawar boko ba zai ƙara sabuwar hadda ba, bita kawai za a yi. Saura mu.

Ranar da ta kawo maganar ofishin malamai an sha ƙura. Wani daga cikinmu ya ce, "Yanzu mu ka bin tsarin Islamiyya?" Delu ta cire tabarau ta ce, "Makarantu biyu na, amma yaran guda na." Ta yi ta bin mu ɗaya bayan ɗaya, har gida, sai da aka amince: aiki mai nauyi a bayar ranar Alhamis a karɓa Litinin, sauran kwanaki kuwa ɗan kaɗan, kuma malamai biyu ba sa lafta babban aiki rana ɗaya.

Malama Delu, ke ce kika zaunar da Tasalla kika raba mata yininta. Hadda bayan Asuba, tun kai yana da sanyi. In ta dawo boko ta ci abinci, ta ɗan kishingiɗa, sannan ta ɗauki aiki ɗaya tak kafin La'asar, kuma mai wuyar za ta fara ɗauka. Ke ce kika hana ta buɗe littafi uku a lokaci ɗaya tana kallon su kamar mai jiran su yi magana. Ke ce kika shiga cikin gida kika roƙi mahaifiyarta a mayar mata da wankin farantan nama zuwa Asabar. Ba a rana ɗaya abin ya zauna ba. Na ga ranar da ta zo hannu rabbana tana kuka, na ga kin ba ta ruwa ta sha, kika ce a sake daga farko. Sannu gwanar raba yini.

Zangon ya ƙare, jan biro ya ragu a sakamakon Tasalla, Malam Jafar kuma bai sake zuwa teburin nama da ƙara ba. A shekarar ta ci jarrabawarta, bayan Babbar Salla aka yi walimar saukarta. Yau tana karatun aikin jinya, da yamma kuma ita ke karɓar haddar ƙananan yara a Islamiyyar da ta yi. Tsarin da aka yi dominta har yanzu shi muke bi, 'yan mata da yawa sun tsira da shi ba su ma san sunanta ba.

Ina kira ga 'yan'uwana malamai, na boko da na Islamiyya, da iyaye: kafin mu ce yaro ba ya ja, mu bi shi mu ga yadda yininsa yake tafiya. Mu taka mu je mu yi magana da juna kamar yadda wannan baiwar Allah ta yi. Ku kuma ɗalibai, aikin da ba a yanka masa lokaci ba, ba a yin sa.

Ranar bikin sallamar Malama Delu, bayan manya sun gama jawabi, sai wani dattijo ya miƙe daga can baya ya nemi a ba shi lasifika. Jinaidu ne, Tasalla na tsaye a bayansa. Ya karɓi lasifikar ya ce, "Ni ban iya jawabi ba. Ni nic ce ɗiyata ta zaɓi guda, Malama tac ce a'a. Da an bi tawa, da yanzu rabin ɗiya gare ni. Malama, Allah shi saka miki da alheri."

Amin, Malam Jinaidu. Mu ma abin da muka zo faɗa ke nan. Mun gode, Malama Delu. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai albarka, ya sa 'ya'yanki su samu mai tsaya musu kamar yadda kika tsaya wa na mutane.