Yadda Na Shanya Tumatirin Abokina

Na daɗe ina gyaran waya a wata rumfa a Mahdiya, amma rabin aikin kwafi ne. Mutum ya kawo katin wayarsa, in juye masa wa'azi ko waƙa daga nawa, ya tafi. Har na ɗauka duk abin da ke cikin na'ura haka yake, a kwasa nan a zuba can.

Wani abokina ɗan garinmu yana gadin gonar tumatir a Wadi Bawanis. Mai gonar ya haɗa wata 'yar kwamfuta, ba ta wuce tafin hannu ba, ita ke kunna injin ban ruwa a kan lokaci. Mai gonar na wata doguwar tafiya sai zafi ya ƙona ta. Abokina ya sayo wata iri daban ya kawo mini, yana ce mini injiniya. Sunan ya yi mini daɗi. Na zare katin tsohuwar, na juye komai cikin sabuwar, na ce an gama.

Ya jona ta, ya ga fitila na ƙiftawa, ya wuce biki a Tayuri kwana uku. Injin ko tari bai yi ba. Ya dawo ya tarar da rabin gonar a kwance, aikinsa kuma na lilo.

Ni kuwa na ɗora wa mai shagon da ya sayar masa laifi, har da rantsuwa. Wannan rantsuwar ce ke damuna har yau.

'Yata, wadda ke karatun kwamfuta, ta duba sabuwar kwamfutar. Ta ce manhajar da ke kunna injin tana aron umarni daga wani tari da suke kira laburare, shi kuwa an gina shi ne don tsarin tsohuwar, sai an sake gina shi kafin sabuwar ta gane. Ta wuni tana gyara layi-layi.

"Baba," in ji ta, "ko sau ɗaya ka gwada kafin ka ba shi?"

Ban gwada ba.

Da mai gonar ya dawo, na je da ƙafata na ce ni ne. Ya dube ni ya dubi furfurata, ya ce ba zai kori kowa ba, amma wanda ya shanya tumatirin shi zai sake dashe. Sati guda na yi a duƙe cikin kunyoyin gona, abokina na zaune a inuwar dabino yana shan shayi, yana ce mini layina ya karkace.