Kwandalar da Narkau Ya Kasa Narkarwa

Maƙwabcina maƙerin zinare ne, shekara talatin da ɗoriya. Ni Narkau nake ce masa, don duk abin da ya shiga shagonsa sai ya sha wuta. Ko cokali ba na ba shi aro. Yana da wata ɗabi'a: duk zoben da ya ƙera sai ya yi masa ɗan ɗigo ta ciki, inda ba mai gani. Wai sa hannunsa ke nan.

Wata safiya ina zaune ina shan iskar fankarsa, matarsa ta shigo ta dire kwandalar zinaren da ta gada wajen mahaifinta.

"Malam, 'yan kunne nake so. Kullum kana yi wa matan mutane, ni kunnena fayau."

Ya kunna wuta, ya ɗauki kwandalar da awartaki, sai ya tsaya ya gyara tabarau.

Na ce, "Narkau, ko gas ne ya ƙare?"

Ya ce, "Zo ka gani. Bishiya ce a jikin kwandalar, saiwarta ta fi rassanta tsawo, wato abin da ke riƙe da mutum ba a ganinsa. A bayanta kuma tsuntsuwa ce da zangarniya a baki, gida za ta kai."

"Ni dai kaza na gani ta sato hatsi."

Bai kula ni ba. "Dubi ƙarƙashin fiffiken nan. Ɗigo ne! Wanda ya zana ta ya bar sa hannunsa, irin nawa sak."

Matar ta ce, "To ka gaishe shi, sannan ka narkar."

Kashe wutar ya yi. Kwana uku ina jiyo ƙarar tukwane ta katanga, shi kuma ya shiga shago ya kulle, ni ma ya hana ni fanka.

Ashe akwai wata kwalba da yake tara garin zinaren da yake sharewa daga teburinsa tun yana saurayi. Shi ya narkar. Ya yi wa kwandalar ɗan siririn baki da marataya, bai huda ta ba, ragowar ya fitar da 'yan kunne.

Ta jujjuya su a tafin hannu. "Waɗannan ai sai ka ara wa mutane tabaranka kafin su gani."

Amma nan take ta saka. Kwandalar kuwa tana wuyanta har yau, tsuntsuwar a waje. In na gaishe ta na ce ya kazar wuyanta, sai ta ce, "Lafiya lau, ta fi ka kawo abinci gida."