Daga Kaduna Zuwa Ƙofar Durbi da Littafin Yaya a Hannu

Kaduna, ƙarfe 5:20 na asuba

Ina idar da salla ƙanwarmu Hajiya Binta ta kira daga Katsina. "Jikin Yaya Bala ya matsa. Ka taho yau." Na jefa kaya kala biyu a jaka, na ɗauko tsohon littafin da ya ba ni shekarun baya. Tun da ciwon suga ya cinye masa ido nake yi masa alkawarin zan zo in karanta masa babin ƙarshe. Salla biyu ta wuce ban je ba.

Zariya, 7:40

Mu shida a ƙaramar mota, gwiwata a ƙirji. Na buɗe littafin. Labarin wani tela ne mai yanka wa mutanen unguwarsu likkafani, yana tambayar kansa me aka zo yi duniya. Da ina saurayi na ɗauke shi surutun tsofaffi, yanzu kuwa kowane shafi kamar da ni yake magana. A shingen sojoji direba ya waiwayo.

"Malam, jarrabawa za a yi?"

"Mara lafiya zan karanta wa."

"Allah ya ba shi lafiya."

Funtuwa, 9:15

Nan ne iyakar motarmu, muka sauka. Akwai ta Katsina tana neman mutum ɗaya, na bar ta ta tafi, wai sai na sha shayi na gama zaɓen inda zan karanta masa. Wadda ta biyo baya ba ta cika ba sai sha ɗaya da rabi. Ga shi ni da bakina na sha yi wa mutane irin wannan kira. A gidanmu ba a faɗa wa matafiyi rasuwa ta waya, sai a ce jiki ya matsa. Ban kawo wannan a raina ba ko sau ɗaya.

Katsina, 3:10

Ɗan acaba ya sauke ni a bakin lungunmu. Tabarmi na fara gani, da takalma jere. Kawu Iro, ƙanen mahaifinmu, ya riƙe hannuna.

"Sai haƙuri, Sani. Tun kiran assalatu ya cika."

"An kai shi?"

"Mun jira ka har aka yi azahar. Binta ta ce ka taso da wuri, muka yi ta duban hanya. Mota ce ta lalace?"

Na ce a'a. Bai ƙara tambaya ba. Kunya da baƙin ciki suka hana ni ɗaga kai.

Na gode wa Allah da ya kawo ni gida lafiya. Na gode wa maƙwabtanmu na Ƙofar Durbi da suka ɗauki ɗan'uwana a kafaɗarsu suka sa shi a makwancinsa, lokacin da nake kan hanya saboda zaman da na yi a Funtuwa ina juya shafi.