Azarar Babana

Mijina ya rasu ba mu haihu ba. Shekara talatin da ɗoriya muka yi a gidansa na tsohon garin Agadas, shi yana ɗinki a kasuwa, ni ina dukanci a ɗakina, kuma ban taɓa zaton wata rana za a tambaye ni dalilin kwanana a wurin ba.

Kwana uku da fitata takaba sai ga wan mijina. Ya tsaya a tsakar gida kamar yadda ya saba, don wan miji ba ya shiga ɗakin matar ƙanensa, ko ruwa ne sai dai a miƙa masa a waje. Muka gaisa, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya ce ya samo mai sayen gidan, wani da ya yi arziki a haƙar zinariya.

"Rubu'i ne naki, tunda babu ɗa," in ji shi. "Ba wanda zai ci miki shi. A sayar a ba ki, ki koma Dabaga wurin danginku."

Na ce, "Yaya, rubu'in na ji. Ɗakina fa?"

"Ɗakin ƙanena dai."

Ni mace ce mai saurin hawa, duk unguwa an sani, amma ranar na haɗiye. Tsoro ne ya kama ni. A Dabaga ba wanda ya rage mini sai ƴaƴan ƴan uwa da ba su san ni ba, masu sayen jakunkunana kuwa duk a garin nan suke. In na bar ɗakin nan, a zauren wani zan ƙare ina jiran a tuna da ni da tuwo.

Muka je justis, wato kotu. Alƙali yana zaune da malamai biyu masu ba shi shawara kan gado. Ya yi bayani dalla-dalla cewa kafin a raba komai, sai an fitar da abin da yake na matar tun asali, don ba a gadon kayan mai rai. Na ce to ɗakina ni na gina shi da aikin fata, azararsa kuma babana ya saro mini daga goribar garkarsa, lambun da yake nomawa a Dabaga. Alƙali ya tambaye ni takarda. Na kusa yin dariya. Wa yake rubuta takarda don ya ɗora laka a gidan mijinsa?

Wan mijina ya miƙe ya ce shi da kansa ya raka ƙanensa kasuwa suka sayi azarar, ya san ta ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya bambanta ta da ta sauran ɗakunan. Ya faɗi haka har da gyara rawani. A nan hankalina ya kwanta, don na san abin da bai sani ba.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, a zo a duba."

Da safe suka zo, malaman biyu da magatakarda, ni kuma na kira tsohon maginin da ya yi aikin, yana dogara sanda. Wan mijina ya tsaya a bakin ƙofa yana jan ƙafa, sai da babban malamin ya ce masa ya shigo, yau shari'a ce ta kira shi. Shigarsa ta farko ke nan tun da aka gina ɗakin.

Akwai wani tsohon zane da na kafa a ƙarƙashin rufi saboda ƙasar da ke zubo mini kan fata. Na hau turmi da kaina, da tsufana, na fizge shi. Ƙura ta sauko mana, magatakarda ya yi ta atishawa. Na ɗauki tsumma na goge gindin azara ta farko, sai ga shaidar babana, zane uku kamar sawun kaza, wadda yake yi wa raƙumansa da ƙarfe mai zafi. Ya ƙona ta a jikin kowace azara don kada ta ɓace cikin kayan mutane a mota. Na goge ta biyu, na goge ta uku. Ban tsaya ba sai da na kai bango, ko da yake tun a ta huɗu malamin ya ce ya isa.

Maginin ya ɗaga sandarsa ya nuna. "Ni na ɗora su. Tsohon nan na Dabaga ya tsaya a kaina har na gama, ya hana ni juya shaidar sama. Ya ce a bar ta inda ɗiyarsa za ta riƙa ganinta."

Wannan ban taɓa sani ba. Na sauko daga turmin hawaye na zuba, kuma ba na baƙin ciki ba ne. Wan mijina ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya ce ƙila wata azarar ce ya raka aka saya. Na ce ƙila, Yaya. Ban ƙara masa ko kalma ba, kuma har yau ina yaba wa kaina.

Alƙali ya yanke cewa ginin nawa ne, ba ya cikin gado, rubu'ina kuma a auna mini shi a ƙasa, daga inda ɗakin yake tsaye har bangon da ke kallon titi. Sauran magada suka sayar da nasu rabon, aka ja katanga tsakanina da mai zinariya. Da aka gama sai ya zamana ba ni da hanyar fita, don zauren ya faɗa a rabonsu.

Maginin ya tambaye ni inda nake so a fasa ƙofa. Na nuna masa tsakiyar bangon titi, inda duk mai wucewa zai gani. Ya ce a saya mata azara a kasuwa. Na ce a'a, akwai guntu ɗaya da ya rage tun wancan gini, ina ɗora tukwane a kansa. Shi aka gitta a saman ƙofar, na tsaya a kansu har suka gama, shaidar tana kallon waje.