Namijin Dabinon Gidan Malam Barau

Malam Barau mutumin Taura ne, aikin tuƙin motar gwamnati ya kawo shi Dutse. Ya yi rayuwarsa yana kai manya filin jirgi a Kano yana komowa da mota ba kowa, shi kuwa ko matattakalar jirgi bai taɓa takawa ba. Da ya yi ritaya sai ya tattara duk ƙarfinsa a kan tsakar gidansa na unguwar Takur, wanda faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarmi a yi walimar suna ba.

A nan ya zama manomi, kuma alƙali. Ya jera tumatur da attaruhu a tsofaffin buhunan siminti, alayyahu da yakuwa a gindin katanga, zogale a bayan banɗaki. Ruwan alwala da na wanke-wanke duk ya yi musu hanya, ba ɗigon da ke fita waje. Dokarsa ɗaya ce: abin da ba ya ba da komai ba ya zama masa a gida. Gwaibar da ta yi jinkirin 'ya'ya ta sha gatari. Kazar da ta daina ƙwai ta kwana a miya. Mai wannan doka fa, in ka cire ban-ruwan safe, ba abin da yake yi sai kishingiɗa da rediyo yana gyara wa gwamnati kurakuranta.

Abu biyu ne kawai dokar ba ta hau kansu ba, wato dabinai biyu na matarsa, Hajiya Zaituna. Shekarar da ɗansu ya kai ta Makka ta dawo da ƙwallayen dabinon da ta ci a Madina ƙulle a bakin mayafi, ta binne su da hannunta, biyu suka tsiro. Ba ta da wani dogon buri a duniya. Ita dai ta ci dabinon da ta shuka kafin ta koma ga Allah, haka take faɗa wa duk wadda ta shigo.

Dabino kuwa ba alayyahu ba ne. Shekaru suka ja kafin ɗayan ya fara fure, ya yi fari tas, ya bushe, ya zube, ko ɗa ɗaya babu. Maƙwabta suka leƙo suka ce ai namiji ne. Tun daga ranar Malam Barau ya sa masa ido. Kullum sai ya tsaya a gabansa ya yi tsaki, wai ƙato ya cinye fili, ya tare wa tumatur rana, yana shan ruwa a banza. Hajiya ta ce ya bar mata abinta, Allah bai halicci namiji don ado ba. Ya ce shi a Taura gero ya noma, bai taɓa jin an ajiye wa gero miji ba.

Ya yi haƙuri irin nasa, har ranar da ta tafi Buji zaman jegon 'yarsu Bilki. Kafin ta dawo ya sa an sare namijin dabinon, an tone kututturen, buhunan tumatur sun maye wurin, sun yi kore shar. Ta tsaya da jakarta a hannu ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damun Malam ke nan, don ya tanadi amsoshi masu kyau.

Da sanyi ya shigo, macen ta yi furenta na fari. A daidai lokacin ne ciwo ya kwantar da Hajiya, irin wanda likita ke rage magana a kansa ya yawaita cewa a yi ta addu'a. Daga kan gado take tambayar dabinonta, shi kuma yana ba ta labari da ƙafafa, wai ga shi nan ta ɗauka ba tare da wani ƙato ba. Ta ɗauka kam. Sai dai 'ya'yan sirara ne, ba ƙwallo a ciki, ga bauri kamar ɗanyar kanya, kuma suka ƙi nuna.

Da abin ya ishe shi ya sauke girman kai ya nemo Ɗan'inna, mai hawan dabino a cikin gari. Ɗan'inna ya ɗaga kai sau ɗaya ya ce ai furen namiji ake ɗebowa a ɗaura cikin na macen tun yana sabon buɗewa, da an kira shi da wuri da ko daga wata gona ya kawo. Yanzu kam sai baɗi. Malam Barau ya ji kalmar nan ta baɗi har cikin ƙashinsa. A rayuwarsa bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ya tafi kasuwa ya zaɓo dabino mai laushi, ya wanke, ya zuba a faranti, har da tsinko ɗan ganye daga bishiyar ya ɗora a gefe don shaida. Ya shiga ɗakin ya ce na can ƙololuwa ne suka nuna, waɗanda rana ta fi samu.

Hajiya ta ɗauki ɗaya ta yi bisimilla, ta tauna a hankali. Sannan ta fito da ƙwallon ta juya shi a tafin hannunta.

"Malam, har da ƙwallo? To mijin nata ɗan wace unguwa ne?"

Ta yi dariya har tari ya kama ta, ya miƙa mata ruwa.

"Bar shi, ya yi zaƙi, Allah ya saka," in ji ta. "Baɗi ka kira mai hawan da wuri. In ta nuna ka ci nawa, kada ka tsaya rabon maƙwabta ka manta."

Ya ce tare za su ci in Allah ya so. Ta ce Allah ya so, ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu.