Ni Ne Idonsa

Kafin in zama ɓarawo, direba ne ni. Shekara shida ina tuƙa wani dattijo Balarabe a unguwar Ulaya, can ƙasarsu, shi ne kafilina mai tsaya mini, da sunansa aka yi mini iƙama, takardar izinin zama. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abin da ya fi so a duniya shi ne tsofaffin sulallan zinariya na Rumawa, yana ajiye su a wani akwati mai shimfiɗar karammiski.

Da ganinsa ya fara dushewa, sai ya zaunar da ni ya koya mini: yadda ake ɗora sule a sikeli, yadda ake duba gefensa a gane jabu, yadda ake bambance sarakunan da ke jiki, wannan mai gemu, wancan mai kaurin wuya. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, daga yau kai ne idona."

To, idon ne ya ci amanarsa. Na ga jabunsu a wani shago, na ce ɗaya kawai, wa zai sani? Na ɗauke mai gemu, na sa na ƙarya a gurbinsa, na sayar. Bayan wata biyu na ƙara. Kafin shekara na musanya bakwai.

Duk Juma'a bayan la'asar sai ya ce in buɗe akwatin. Ya ɗauki mai gemu, ya murza da babban yatsa, sannan ya ce, "Lafiyarsa ƙalau?" In ce, "Ƙalau, Baba." Wallahi ko rawa muryata ba ta yi.

Ɗansa ne ya kawo masanin sulalla, asirina ya tonu. A gaban 'yan sanda dattijon ya juyo inda yake jin numfashina, ya ce, "Tun ranar farko na sani. Na ainihin yana da tabo a kunne, yatsana ya san shi. Tambayarka nake yi ko za ka faɗa da kanka."

Na yi shekara uku a kurkuku, aka ɗauki zanen yatsuna, aka sa ni a jirgi zuwa Kano, ba komawa. Na tuba, amma tuba ba ta ba ni barci ba. Na kira wani abokina da ke can unguwar Shumaisi, na roƙe shi ya je ya nema mini gafara. Ya ce, "Ai Baba ya rasu tun bara, yana maƙabartar Al-Oud." Can kuwa ba a rubuta suna a kabari.

Samari, in mutum ya ba ku amana ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya tun yana iya jinku. Ni sau hamsin aka tambaye ni.